FAGEN WASANNI: Gasar 'Yan Makaranta Da Kan Kwashe Gari Kaf Zuwa Kallo

A tsakiyar ƙasar Amurka, kudu da babban tabkin nan na Michigan, akwai wata jiha da ake kira Indiyana, ƙasar manoman masara da waken soya. Mutanen wannan jiha sun yi suna a kan wani abu guda da kan ba baƙo mamaki, watau son kallon wasan ƙwallon kwando na 'yan makarantar sakandare. Yaran da ke wasan galibi shekarunsu daga 15 ne zuwa 18, ba a biyansu ko anini, mafi yawansu kuma da zarar sun gama makaranta sun bar ƙwallo ke nan. Duk da haka akwai shekarar da mutum 41,046 suka sayi tikiti suka cika zaure guda don su ga wasan ƙarshe na gasar cin kofin jiha na waɗannan yara.

Yau zauren da ake yin wasan ƙarshen a cikinsa bai ɗaukar ko rabin wannan adadi, jimlar masu zuwa kallon gasar daga farko zuwa ƙarshe kuma ta ragu ƙwarai. Abin da ya kamata mai karatu ya duba shi ne dalilin da ya sa manomi da maƙeri da mai kanti suke rufe sana'arsu su bi yaran garinsu mil ɗari cikin sanyi, da kuma abin da ya sa da yawansu suka daina. Amsar ta shafi duk mai shirya wasannin makarantu a ko'ina yake.

YADDA ABIN YA SOMA

Wani malamin motsa jiki haifaffen Kanada, mai suna James Naismith, shi ya ƙago wasan ƙwallon kwando cikin shekarar 1891 a garin Springfield na jihar Massachusetts. Bukatarsa ita ce ya samo wa ɗalibansa wasan da za su yi a cikin ɗaki lokacin hunturu, sa'ad da dusar ƙanƙara ke hana fita fili. Ya rataya kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a sama, ya ce a riƙa jefa ƙwallo ciki. Daga nan sunan ya samo asali.

Ba a daɗe ba wasan ya iso Indiyana, ya kuwa tarar da ƙasar da ta dace da shi. A zamanin nan kusan kowane ɗan ƙauye yana da tasa makarantar sakandare, waɗansu ɗalibansu maza ba su kai ashirin ba. Irin wannan makaranta ba ta iya tara 'yan wasa goma sha ɗaya da kayan da ƙwallon ƙafa irin na Amurkawa ke bukata, amma yara biyar da ƙwallo guda ba su gagare ta ba. Bugu da ƙari lokacin wasan ya faɗo daidai tsakanin girbi da shuka, watau daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da manomi ba shi da aikin gona, dare ya yi tsawo, babu rediyo balle talabijin. Daren Jumma'a sai kowa ya nufi makaranta, inda akwai ɗumi da haske da jama'a.

An yi gasar cin kofin jiha ta farko cikin 1911 a garin Bloomington, makarantu 12 suka shiga, Crawfordsville ta ci Lebanon 24 da 17. Kafin shekara 15 abin ya bunƙasa har shi kansa Naismith ya zo kallon wasan ƙarshe cikin 1925, ya tarar da 'yan kallo wajen 15,000. Cikin 1928 aka buɗe wani ƙaton zaure a Jami'ar Butler da ke Indianapolis, babban birnin jihar, mai ɗaukar mutum 15,000. Shekara da shekaru babu zauren ƙwallon kwando da ya kai shi girma a duk Amurka, can kuma aka riƙa yin wasan ƙarshe har zuwa 1971, ban da 'yan shekaru a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

KOFI ƊAYA GA KOWA

Tsarin gasar shi ne gishirinta. Kofi ɗaya ne tak, kowace makaranta kuma tana shiga, babba da ƙarama, wadda ta yi ta cin wasa duk shekara da wadda ba ta ci ko guda ba. Sili ɗaya ƙwale ake yi: wanda aka ci sau ɗaya ya koma gida sai baɗi. Ba a ware gwanaye don kada su haɗu da wuri. Ƙuri'a ake jefawa, kowa ya karɓi abin da ya faɗo masa. Cikin 1938 makarantu 787 suka shiga.

Ana yin abin ne hawa huɗu cikin makonni huɗu. Makon farko a raba makarantun gida 64 bisa ga maƙwabtaka, kowane gida ya fid da zakara. Mako na biyu zakarun nan 64 su haɗu huɗu-huɗu a wurare 16. Mako na uku 16 ɗin da suka tsira su kara a manyan garuruwa huɗu. Ran Asabar ta ƙarshe huɗun da suka rage su hallara a Indianapolis, a yi wasa biyu da rana, waɗanda suka ci su ɗan huta su koma fage da dare. Mai karatu da ya san Kofin Ƙalubale na ƙwallon ƙafa a Nijeriya, inda cikin 1984 Leventis United ta Ibadan ta ɗauke kofi alhali tana rukuni na uku, ya san irin armashin da gasa ke yi in ƙofarta a buɗe take ga ƙarami.

Ga mutumin ƙauye, hawan farko shi ne ainihin bikin. A nan ne ƙananan makarantu bakwai ko goma na gunduma guda ke samun damar karawa da makarantar babban garin gundumar, wadda 'yan kasuwarta ke sayen amfanin gonarsu, bankinta ke bin su bashi, samarinta kuma ke yi musu kallon ƙauyawa. In ƙaramar makaranta ta fuskanci babbar, sai duk magoya bayan sauran ƙauyukan su haɗa baki su goya mata baya, ko da jiya-jiya ta fitar da nasu yaran. Ƙauyen da ya ci wannan hawa sau ɗaya kan rubuta shekarar a bango, jikoki su tashi suna jin labarin.

Da yake makarantar da ta fi babban zaure ita aka saba ba masaukin hawan farko, tare da ribar wasa a gida, sai garuruwa suka shiga tseren gini. Huntingburg ta gina zaure cikin 1951 mai kujera sama da 6,000, alhali mutanen garin duka ba su kai haka ba. New Castle ta buɗe nata cikin 1959 da wurin zaman mutum fiye da 9,000. Har yau mafi yawan manyan zaurukan wasa na makarantun sakandare a Amurka suna Indiyana.

RANAR KALLO

Wahalar farko ga mai son kallo ita ce tikiti. Hukumar wasannin makarantun jihar kan raba wa kowace makaranta kasonta, shugaban makaranta kuma ya san yadda zai yi da jama'ar da ta ninka kason sau da yawa. Waɗansu wurare ƙuri'a ake yi, waɗansu kuwa sai an kwana a layi cikin sanyi. Wanda bai samu ba ya koma gindin rediyo.

Ran wasa akan sallami ɗalibai da wuri, kantuna su rufe. Motoci su jeru a baya-bayan motar 'yan wasa, an ɗaura musu ƙyallaye masu launin makaranta, a kama hanya ana busa oda. A cikin zaure kowace makaranta da ɓangarenta. 'Yan mata ɗari ko fiye su zauna a jere cikin tufafi iri ɗaya suna tafi da kirari bisa tsari, 'yan badujala na makaranta suna kaɗawa, ƙanshin gugguru ya cika ko'ina. Tsofaffin da suka yi wasa shekara talatin baya suna zaune a wuraren da suka saba, suna rubuta makin kowane yaro da fensir, suna gyara wa alƙalin wasa aikinsa da babbar murya. Tsakanin wasan rana da na dare baƙi su watsu cikin gari neman abinci, masu gidajen abinci su yi cinikin da ba su yi a wata guda.

In an tashi, waɗanda suka ci su kawo tsani, kowane yaro ya hau ya yanki zare ɗaya daga ragar kwandon ya ajiye don tunawa. Sa'an nan a ɗora su bisa motar 'yan kwana-kwana a zaga gari da su, a hura babbar wuta a dandali. Waɗanda aka ci kuwa, musamman 'yan ajin ƙarshe, sukan fita da hawaye, don sun san ba za su ƙara sa rigar garinsu ba. Wannan shi ne abin da ɗan kallo ke biya ya gani: yaron maƙwabcinsa, wanda ya sani tun yana goye, ɗauke da sunan gari a ƙirji, a wasan da ba shi da gobe.

ƊAN HAKIN DA KA RAINA

Labarin da kowane yaro a Indiyana ya sani shi ne na 1954. Milan wani ɗan gari ne a kudu maso gabashin jihar, ba Milan ta Italiya ba, mutanensa ba su fi dubu ɗaya da 'yan kai ba. Makarantarsa ɗalibai 161 gare ta. Mai koyar da 'yan wasanta, Marvin Wood, shekararsa 26. Ba sa'a kaɗai ta kai su ba, gama cikin 1953 ma sun kai huɗun ƙarshe. A 1954, cikin makarantu fiye da 750 da suka shiga, suka yi ta tsallake hawa har suka iske Muncie Central a wasan ƙarshe, makarantar da ta ninka su ɗalibai sau goma, ta kuma riga ta ci kofin sau huɗu.

Ran 20 ga Maris aka yi wasan a zauren Butler. A zamanin babu dokar da ta tilasta jefa ƙwallo cikin ƙayyadadden lokaci. A kashi na huɗu, Muncie na gaba da maki biyu, sai wani yaron Milan mai suna Bobby Plump ya tsaya cik a tsakiyar fili riƙe da ƙwallo, fiye da minti huɗu bai motsa ba, mutum 15,000 suna ihu. Dabarar malaminsa ce, don ya rage lokacin da manyan yaran Muncie za su yi amfani da tsawonsu. Daga baya aka yi kunnen doki 30 da 30. Saura daƙiƙa 18 Milan ta nemi ɗan hutu ta shirya, Plump ya karɓi ƙwallo, ya jira, ya kutsa dama, ya yi tsalle ya jefa. Ta faɗa. Milan 32, Muncie 30.

Kashegari, bisa ƙiyasin da aka yi, mutum wajen 40,000 suka yi dafifi zuwa Milan don taryen yaran, motoci suka toshe hanya mil da yawa. Galibinsu ba su da ɗa ko ƙane a makarantar. Mutanen sauran ƙauyuka ne da suka ɗauki nasarar tamkar tasu. Cikin 1986 aka yi fim mai suna Hoosiers, wanda Gene Hackman ya fito a ciki, an gina shi a kan wannan labari ko da yake an sauya sunaye da abubuwa da dama. Hoosier shi ne laƙabin mutumin Indiyana. A Milan yau akwai ɗan gidan tarihi da aka keɓe don 'yan wasan nan.

ƘOFAR DA AKA DAƊE DA RUFEWA

To, amma fa cewa gasar ta kowa ce bai zama gaskiya ba sai daga baya. Cikin 1927, zamanin da ƙungiyar nan ta masu ƙin baƙar fata, Ku Klux Klan, ke da ƙarfi a siyasar jihar, aka buɗe wata makaranta a Indianapolis don a ware yara baƙaƙe daga farare. Aka sa mata sunan Crispus Attucks, baƙin mutumin da sojan Ingila suka harbe a Boston cikin 1770. Hukumar wasanni ta hana wannan makaranta shiga gasar, tare da sauran makarantun baƙaƙe da na 'yan Katolika, har zuwa 1942. Ko bayan an buɗe musu ƙofa, Attucks ba ta da zauren kirki na kanta, sai aro da yawon wasa a gidajen waɗansu.

A ƙarƙashin malaminsu Ray Crowe yaran Attucks suka gawurta. Cikin 1954 Milan ce ta fitar da su a hawa na uku, 65 da 52, lokacin akwai wani ɗan saurayi cikinsu mai suna Oscar Robertson. Shekara ta zagayo, cikin 1955, suka ci kofin, suka lallasa Roosevelt ta garin Gary, ita ma makarantar baƙaƙe, 97 da 74. Su ne makarantar baƙaƙe zalla ta farko a Amurka da ta ci gasar jiha wadda ke buɗe ga kowane launi, su ne kuma makarantar birnin Indianapolis ta farko da ta taɓa ɗaukar kofin. Cikin 1956 suka maimaita, wasa 31 ba a ci su ko sau ɗaya ba.

'Yan kallo na da hannu a wannan sauyi. Attucks na cika zaure duk inda ta je, saboda haka makarantun fararen da a da ke ƙyamarta suka koma neman wasa da ita don kuɗin ƙofa. Dubban mutanen da ba su taɓa zama kusa da baƙar fata ba suka zauna a zaure guda suna kallon ƙwarewar da ba ta musuntuwa. Duk da haka daren nasarar 1955 hukumomin birni ba su bar yaran su yi bikinsu a tsakiyar gari ba. Motar 'yan kwana-kwana ta zaga da su dandalin tsakiyar birni, aka zarce da su wani lambu a unguwar baƙaƙe, can aka hura musu wuta. Robertson, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen wasan a duniya, ya sha faɗin yadda abin ya ɓata masa rai. Sai cikin 2015, bayan shekara 60, birnin ya sa waɗanda suka rage da rai daga 'yan wasan a gaban babban faretinsa na watan Mayu.

Da a ce an keɓe wa makarantun baƙaƙe kofinsu dabam, kamar yadda aka yi a jihohin kudancin Amurka a lokacin, da ba wanda zai tuna da 1955. Darajar nasarar Attucks, kamar ta Milan, ta zo ne daga cewa duk jihar ta shiga, ba wanda zai ce ai ba su gamu da wane ba.

RABA GASA GIDA HUƊU

Jimlar 'yan kallon gasar, daga hawan farko zuwa na ƙarshe, ta kai ƙololuwa cikin 1962, sa'ad da ta haura miliyan ɗaya da rabi. Daga nan ta soma sauka sannu a hankali. Wata doka ta 1959 ta sa aka riƙa haɗe ƙananan makarantu wuri guda don rage kuɗi da inganta karatu, har yawansu ya sauko daga sama da 700 zuwa wajen 400. Ƙauyen da aka rufe makarantarsa ya rasa abin da zai bi. Talabijin ya shigo gidaje, wasanni suka yawaita, masana'antu suka soma rufewa a garuruwa irin su Anderson, inda daga ƙarshe cikin 2011 aka rufe zauren makarantar mai ɗaukar kusan mutum 9,000. Wani ci gaba kuma ya samu cikin 1976, da aka soma gasar 'yan mata, makarantar Warsaw ta ci ta farko.

Duk da raguwar, wasan ƙarshe bai rasa jama'a ba. Cikin 1990 ne aka sami taron nan na mutum 41,046 a babban filin rufi na Indianapolis, suka zo ganin wani yaro Damon Bailey wanda ake maganarsa tun yana ƙaramin aji. Ya ci maki 30, makarantarsa Bedford North Lawrence ta doke Concord 63 da 60.

Amma shugabannin ƙananan makarantu sun daɗe suna ƙorafi, hujjarsu kuma ba ta wasa ba ce. Tun bayan Milan babu makaranta mai ɗalibai ƙasa da 500 da ta sake cin kofin. Mafi kusa ita ce Plymouth, mai matsakaicin girma, wadda ta ci cikin 1982 da ƙyar, bayan ƙarin lokaci sau biyu, Scott Skiles ya zuba maki 39. A gundumomi da yawa babbar makaranta guda ce ke cinye hawan farko shekara bayan shekara. Suka ce ba daidai ba ne a sa yara su yi ta shan kashi shekara arba'in don manya su ci gaba da mafarkin abin da ya faru sau ɗaya. Makaranta don yara aka gina ta, in ji su, ba don masu zama a kujerun kallo ba. Kusan duk sauran jihohin Amurka kuwa sun riga sun raba gasarsu bisa yawan ɗalibai.

Cikin 1996 majalisar hukumar wasanni ta jefa ƙuri'a, 12 suka yarda a raba, 5 suka ƙi, mafi yawan shugabannin makarantu kuma suka goyi bayan rabon. Bobby Plump da kansa ya jagoranci masu adawa, bai yi nasara ba. Gasar ƙarshe ta kofi ɗaya ita ce ta 1997, inda Bloomington North ta ci Delta 75 da 54. Daga 1998 aka koma rukuni huɗu, kowane da kofinsa. An gwada haɗa zakarun huɗu a wata 'yar gasa cikin 1998 da 1999, jama'a ba su karɓa ba, aka bari.

ABIN DA ALƘALUMA SUKA NUNA

Cikin 1997 jimlar 'yan kallo ta kai wajen 786,000. Shekarar farko ta rabo ta faɗo zuwa wajen 616,000, daga baya ta sauka ƙasa da rabin miliyan. Masu goyon bayan rabo suna da gaskiya in sun ce saukar ta soma tun kafin 1997, amma faɗuwar shekara guda ba ta da wani dalili sai rabon kansa.

Inda aka fi jin ciwon shi ne hawan farko. Da yake yanzu sai makarantu masu girma ɗaya ke haɗuwa, maƙwabtan da suka yi shekara saba'in suna hamayya sun rabu, kowa an tura shi wata gunduma mai nisa ya kara da baƙin da bai sani ba. Tsohon da zai iya tafiyar mil goma ran Talata da dare ba zai yi ta mil hamsin ba. Wanda ba shi da yaro a cikin wasa, wanda a da shi ne mafi yawa a zaure, ya rasa dalilin zuwa. Aka bar iyaye da dangi da 'yan ajin yaran.

A ɗaya gefen kuma, garuruwa da yawa da ba su taɓa mafarkin ganin Indianapolis ba sun je, sun hau motar 'yan kwana-kwana, sun rataya tuta a zaurensu. Murnar yaran nan ta gaske ce, ba kuma mai ikon raina ta. Ita kanta Crispus Attucks ta sake cin kofi cikin 2017 a rukuninta. Cikin 2012, da wani ɗan majalisar dattijan jihar ya ta da batun komawa tsohon tsari, aka yi tarurrukan jin ra'ayi a garuruwa. Mafi yawan jama'ar da suka halarta suka nemi a koma, amma shugabannin makarantu da masu koyarwa da su kansu 'yan wasan suka fi son rukuni huɗu. Aka bar shi yadda yake.

Wannan saɓani shi ne gundarin maganar. Yaro yana son wasan da zai iya ci, ɗan kallo kuwa yana son wasan da ba a san ƙarshensa ba, wanda cinsa zai zama labari. Kowannensu yana da haƙƙi, gama kuɗin ƙofar da ɗan kallo ke biya shi ke ɗaukar nauyin sauran wasannin makaranta da ba su tara jama'a, kasancewarsa a zaure kuma shi ke sa yaro ya ji cewa gari ya san da shi. Hukumar Indiyana ta auna bukatar yaro da kyau, amma ta ɗauka cewa ɗan kallo zai biyo duk inda aka kai gasar, shi kuwa bai biyo ba.

Maƙwabciyarta ta kudu, jihar Kentucky, ta bi wata hanya. Har yanzu kofin jiha ɗaya gare ta: zakaru 16 daga shiyyoyi 16 kan hallara a birnin Lexington cikin Maris a yi ta karawa kwana huɗu har a fid da gwani. Don kada ƙananan makarantu su tashi hannu rabbana, akwai wata gasa tasu ta dabam da ake yi a tsakiyar lokacin wasa, sa'an nan su dawo su shiga babbar tare da kowa. Masu shirya wasannin makarantu, a kowace ƙasa suke, in sun zauna tsara gasa, ya kamata su tambayi kansu tun da fari ko tsarin zai bar maƙwabta su gamu da juna, ko ƙarami na da hanyar isa ga babba, da kuma ko mutumin gari da ba shi da ɗa a fili zai ga dalilin rufe kantinsa ya zo.

A Indiyana dai har yanzu ana jefa ƙuri'ar haɗa wasa kowane Fabrairu, ana yanka raga, ana zaga gari da motar 'yan kwana-kwana. Ran Asabar ta ƙarshe makarantu takwas kan zo zauren ƙwararrun 'yan wasan Indiana Pacers a Indianapolis, a yi wasa huɗu daga safe zuwa dare, a ba da kofi huɗu. Magoya bayan kowane gari sukan shigo lokacin wasan yaransu, in an tashi da yawansu su kama hanyar gida, su bar kujerun ga mutanen gari na gaba.